Muƙamuƙin Jaki a Wuyana

Abin da na fara lura da shi ranar da Goggo ta kai ni makarantar firamare ta 'Yankara shi ne yara suna wasa bakinsu a rufe. An fito tara, fili cike da 'yan mata, wasu na 'yar gala-gala, wasu na carafke a gindin dalbejiya, amma babu waƙa, babu gardama, sai ƙarar tsakuwa da ta tafin ƙafa. In wata ta ci sai ta ɗaga hannu, in an yi mata maguɗi sai ta murguɗa baki ta ja tsaki. A ƙauyenmu da ke bayan Sheme, inda na yi aji ɗaya zuwa huɗu, hayaniyar 'yan makaranta har gonaki ake jin ta, don haka na ɗauka ko rasuwa aka yi. Sai can na hangi wata yarinya ita kaɗai tana kewaya masu wasan, hannuwanta a baya, ta karkata kai kamar kyanwa a bakin rumbu, wani abu fari-fari yana lilo a ƙirjinta.

Muƙamuƙin jaki ne. An tsinto shi a bayan gari inda ake yar da mushe, rana ta busar da shi, haƙora huɗu na nan a jikinsa, ɗaya ya tsage. An huda shi an zura igiyar rama, igiyar ta yi baƙi ƙirin da gumin wuyan yara. Doka ce, daga ƙararrawar safe har ta tashi ba a magana da Hausa a harabar makaranta, kuma banakula ake ce wa laifin. Wanda aka kama sai a rataya masa ƙashin, ba zai rabu da shi ba sai ya kama wani. Wanda ƙararrawar tashi ta riska da shi a wuya, zai durƙusa gaban makaranta duka a yi masa bulala shida. Turancin da ake so mu yi kuwa ba mu da shi, shi ya sa kowa ya zaɓi ya yi shiru. Ni dokar ba ta dame ni ba, don ko a gida ba mai magana ba ce ni. Kafin in yi sati biyu an raɗa mini suna Bebiya.

Baba bai so zuwana ba. Ba boko ya ƙi ba, nisa da idonsa ya ƙi. Makarantar ƙauyenmu a aji huɗu ta tsaya, Goggo kuma, wadda yayarsa ce, ta yi ta yi masa naci har ya gaji. Ina bayan ƙofa ranar da ya amsa mata. Ya ce, "Yaya, na ba ki ita. Amma ran da aka wulaƙanta mini ɗiya, ran nan za ta komo gida." Baba mutum ne da in ya faɗi magana, ko shanunsa sun san ba ta tashi. Da wannan maganar nake tashi kowace safiya. In ɗebo ruwa tulu biyu a rijiyar unguwa, in share tsakar gida, in ɗauraye kwanonin tuwon jiya, luguden maƙwabta na amsa juna ta kan katanga, sannan in ɗauki tsintsiyata da itace guda, don kowace yarinya sai ta kai wa malamai itace. Ƙararrawarmu wani tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a reshe, in an buga shi sai ka ji a haƙoranka. Yanzu jikokina mota mai ƙafa uku ke kwasarsu, ba tsintsiya ba itace, suna dawowa suna cakuɗa Hausa da Turanci yadda suka ga dama, malamarsu ma da Hausa take yi musu bayani in abu ya shige musu duhu. Ba na yi musu baƙin ciki. Amma in na ji suna dariya cikin harsuna biyu, akwai wani wuri a bayan wuyana da yake yi mini ƙaiƙayi.

Malamin Turancinmu dogo ne, mai alli a gashin gira kullum. Yakan zana gidaje huɗu a allo ya cika kowanne da kalmomi, ya ce jimlar Turanci amalanke ce. Gida na farko shi ne sa, wato mai so ko mai zuwa. Na biyu 'yar ƙaramar kalmar nan ce, tu, ita ce igiya. Na uku kaya ne, wato aikin da za a yi. Na huɗu inda za a kai kayan: zuwa kasuwa, daga rijiya, cikin aji, ƙarƙashin itace. In ka manta igiya, sa ya tafi ya bar kaya. Sai mu ɗauka baki ɗaya kamar karatun allo, ai wan tu go tu di maket, ai kem tu fech wota furom di wel, har 'yan aji uku su riƙa amsa mana ta taga. Wahalar tana zuwa ne in ya goge allon ya ce kowa ya ɗaura nasa amalanken. Akwai wadda ta taɓa miƙewa ta ce tana so ta kwana a cikin rijiya, Malam ya ce mata Allah ya kiyaye hanya. Ni kuwa abin ya shige ni tun ranar farko. Na kwafe gidajen nan huɗu a bayan littafina da jan layi, ina ƙara musu kalmomi duk inda na tsinta, ko a jikin gwangwanin madara ne. A raina ina ɗaura jimla goma kafin wata ta ɗaura ɗaya. Bakina ne kawai ba ya buɗuwa. In Malam ya nuna ni sai in sunkuyar da kai, har ya gaji ya daina.

Wadda muke benci ɗaya da ita ta gane haka. Ba zan faɗi sunanta ba, 'Yar Alhaji ake ce mata, ubanta ke sayen hatsi yana loda wa motoci. Kyakkyawa ce, mai murya kamar ta rediyo, ba ta jin kunyar kowa. In Malam ya ta da ita, sai in buɗe bayan littafina a kan cinya, in bi gidajen da tsinin fensir ɗaya bayan ɗaya, ita kuma ta sadda ido kamar mai ladabi tana karantawa. Ba mu taɓa yin shawarar haka ba, abin ya zo ne da kansa. Takan tura mini alewa ta ƙarƙashin benci. Da haka ta zama gwanar Turanci ta ajinmu, duk baƙon da ya zo ita ake tayarwa, ni kuma ina jin daɗi a ɓoye, don jimlolina ne ke fita ta bakinta. Na ɗauka ƙawa na yi.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwar 'Yankara ce, da kaka. Tun da safe aka kama 'Yar Alhaji tana zagin wata a kan ɗankwali, aka rataya mata ƙashin. Ta wuni tana farauta. Ta taka ƙafar wannan, ta mintsini wancan, ta ɓoye wa wata takalmi, kowa ya cije bakinsa. Rana ta yi sama, inuwar taga ta kusa kai layin siminti da muke gane lokacin tashi da shi. Ina duƙe ina share ƙarƙashin benci sai na ga ta fita, jim kaɗan ta dawo da gudu tana haki. Ta durƙusa kusa da ni, har ina jin warin igiyar. Mai ƙashi a wuya ba abin da zai ƙara rasawa in ya yi Hausa, don haka ta raɗa mini a kunne:

"Bebiya, wani ya zo daga Sheme, yana wajen Hedimasta. Wai Innarki ta rasu da asuba."

Ban san lokacin da na saki tsintsiya ba. Na kwarma ihu, "Wayyo Inna! Wayyo Allah, Innata!" Muryar da ajin bai taɓa ji ba ita ce ta cika ɗakin. Ina cikin haka na ji abu mai sanyi ya bugi ƙirjina. Ta miƙe tana kaɗe gwiwa, ta nuna ni da yatsa ta ce, "Banakula!" Kafin in gane abin da ake ciki, aka buga ƙarfe.

Malam ya tambaye ni da Turanci me ya sa nake kuka. Na duba gidajen nan huɗu a raina, babu gidan mutuwar uwa a cikinsu. In na faɗa da Hausa kuma wani laifin ne. Aka kai ni gaban taro na durƙusa. Bulalar ba na ce ga zafinta ba, don idona na kan ƙofar ofishin Hedimasta, ina jiran mutumin Sheme ya fito. A ta shida na juya kai, sai ga Baba tsaye a bakin shinge, da sandarsa, da guntun rake a hammata. Ya kawo raguna kasuwa ne ya ce bari ya leƙo ni. Ganinsa ya tabbatar mini da maganar, na ruga na faɗa jikinsa.

"Baba, Inna fa?"

"Tana gida tana sussuka. Mi ya sami Inna?" Sai idonsa ya sauka a ƙirjina. "Mi ne ne wannan a wuyanki?"

Bai taɓa shi da hannu ba. Da bakin sanda ya ɗaga igiyar ta kaina, ya taka a hankali har gaban Hedimasta ya ajiye masa a ƙasa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, ko kare nawa ba na rataya wa mushe." Ya juyo gare ni ya ce yau yana da dabbobi a hannu, amma kasuwa mai zuwa in haɗa kayana.

Da yamma Goggo na shafa mini man kaɗanya a baya na ba ta labari duka. Ta daɗe tana salati. Ta ce, "Ki bar ta da Allah, ɗiyar nan, shi ne maganin mai baki biyu." Ta ci gaba da shafawa, can ta ce kamar da tukunya take magana, "Ko da yake dai, an ce rama cuta ga macuci ibada ne." Na ɗago na dube ta. Ta ce, "Ke, juya mini baya. Ni ban ce miki komai ba."

Kwana bakwai gare ni. Washegari 'Yar Alhaji ta zauna kusa da ni kamar ba a yi komai ba, ta turo alewa biyu maimakon ɗaya. Na karɓa. Da Malam ya ta da ita na buɗe littafi na bi mata gidajen, har na zaɓo mata doguwar jimla wadda ta sa aka yi mata tafi. Hedimasta ya riga ya sanar cewa a cikin satin wani babba zai zo daga ofishin ilimi ya zaɓi 'yan matan da za su zauna jarrabawar makarantar kwana, kuma kowa ya san sunan wa za a fara rubutawa. Abin da nake tsoro shi ne ta tsargu ta zauna ta koyi abin da kanta, don ba daƙiƙiya ba ce, lalaci ne kawai. Saboda haka na lallaɓa ta. Na fi da saurin buɗe littafi, na fi da iya nuni, har murmushi na yi mata sau ɗaya. Alewarta kuwa a bakin ramin tururuwa nake ajiyewa a hanyar gida, in tsaya in ga sun rufe ta.

Baƙon ya zo a kan babur, wani gajere mai farin tabarau. Ya sa aka goge allo tas. Malam ya nuna masa gwanarsa, ta miƙe tana gyara ɗankwali. Ya tambaye ta da Turanci me take so ta yi in ta gama aji shida, kuma a ina. Tambaya ce mai sauƙi, amalanke ɗaya ne. Ta yi murmushi ta sadda ido kan cinyata. Na bari sai da na tabbata tana kallo, sannan na rufe littafin a hankali na ɗora tafukana biyu a kai.

Har yau ina iya ganin yatsun ƙafarta da lallen da ya fara koɗewa, suna zungurin idon sawuna. Ta ce, "Ai," ta tsaya. Ta sake cewa, "Ai wan," ta tsaya. Wani ƙuda na ta bugun gilashin taga guda ɗaya da ya rage a ajin. Gumi ya tsattsafo a kan hancinta. Malam ya yi gyaran murya, baƙon ya duba agogo. Ta taka ni da ƙarfi har na ji ƙashina ya amsa, ban motsa ba, ina kallon allon da ba komai a kansa. Sai ta fashe:

"Ke Bebiya, buɗe mana, don Allah!"

Ajin ya ja numfashi baki ɗaya. Baƙon ya cire tabarau, ya ce da Hausa, "A buɗe me, 'yan mata?" Ya tako ya miƙo hannu, na ba shi littafin. Ya daɗe yana duba gidajen nan da jan layi, ya dubi Malam, wanda ya rasa inda zai sa idonsa. Sannan ya maimaita mini tambayar da ya yi mata. Na miƙe na ce, "Ai wan tu site in dis sukul." Ina so in zauna a makarantar nan, abin da na ce ke nan, kuma ita ce jimlar Turanci ta farko da na taɓa faɗa ni kaɗai da bakina. Ya rubuta sunana a takardarsa.

Bulala goma sha biyu ta sha a ranar, shida ta banakula, shida ta kunyata makaranta. Na tsaya a layin gaba na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Mutane kan ce in ka rama sai ka ji ba daɗi daga baya. Ni dai na ji daɗi, kuma ban taɓa yin nadama ba.

Amma kasuwa ta zagayo, Baba ya zo. Hedimasta da kansa ya bi shi zauren Goggo da takardar baƙon a hannu, Goggo ta faɗa wa Baba ƙaryar da aka yi mini, ta ce laifin yarinya ɗaya ne. Baba ya saurare su har suka gama. Ya ce, "Yarinya ba ita ta huda ƙashi ta sa mishi igiya ba. Wanda ya koya wa yara farautar juna, shi ya faɗa mata Inna ta mutu. Tashi mu tahi." Na bi shi a baya da ƙullin kayana a ka. Ban sake shiga aji ba. 'Yar Alhaji kuwa shekara ɗaya kawai ta rasa. Ta zauna ta koyi abinta, ta ci jarrabawa, ta yi kwaleji, ta koyar, har ta zama shugabar makaranta. Labarinta na iso ni a gona, a bakin rijiya, a gidan suna, kowane ƙarin girma da ta samu sai an sami mai kawo mini shi.

Yanzu ina Faskari wajen ɗana, tunda ƙauyenmu ya zama wurin da ba a kwana da ido biyu a rufe. An ce ajin namu na 'Yankara rufinsa ya yaye, awaki ke kwana a ciki. Bana, ana saura 'yan kwanaki maniyyata su tashi, sai ga mota a ƙofar gida. 'Yar Alhaji ce, ta sami kujerar Makka, tana zagayen neman gafara kamar yadda aka saba. Ta yi ƙiba, tana dogara sanda, amma muryar na nan. Jikokina mata biyu na kan tabarma suna aikin gida.

"Bebiya! Kina nan da shirun nan naki?"

"Ina nan, Malama. Sannu da hanya."

Muka gaisa, aka kawo mata ruwa. Ta yi ta labarin mutanen da, wa ya mutu, wa ya koma Funtuwa. Can ta ce, "To, tafiya ta zo. In akwai abin da na yi miki, na sani ko ban sani ba, ki yafe mini." Ta yi 'yar dariya ta taɓa gwiwata. "Ko da yake ni da ke ai mun yi kunnen doki. Sha biyu fa na sha saboda ke, muguwa!"

Na ce, "Kin sha sha biyu kin wuce kwaleji. Ni na sha shida na wuce gida."

Ta daina dariya. Ƙaramar jikata ta ɗago daga littafinta ta ce, "Kaka, dama kin yi boko?" Babbar ta zungure ta. Baƙuwata ta fara laluben sandarta, ta ce yarinta ce, kowa ya yi, kuma direba na jira, akwai gidaje uku a gaba.

Na janye sandar na ajiye a bayana. Na ce wa yaran su rufe littattafai su matso.

"Gafara tana nan, Malama, ba inda za ta. Abu ɗaya nake roƙo kafin ki hau jirgi. Yarinyar nan ta yi tambaya, ke za ki amsa mata. Ki faɗa musu abin da kika raɗa mini a kunne ran kasuwa. Da Hausa za ki faɗa, yadda kika faɗa mini, kada ki rage ko kalma ɗaya."